Rana Don Batir, Inuwa Don Merv

Peterborough, Fabrairu

Clarrie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da Merv ya ce tun kuna samari take ba ka wahala. Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Noelene ce, matar Merv Tredrea, wanda kakarsa da kakanka uwa ɗaya uba ɗaya. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, a jana'izar Anti Ivy, ka zubar min da shayi a siket ka ce laifin kofin ne.

Ni lafiyata ƙalau. Merv ne babu lafiya. Ƙurar ramin haƙar ma'adinai ta Broken Hill ta cinye masa huhu, likita ya ce abin da ya rage ba shi da yawa, na huhun da na lokacin. Yanzu da injin iska yake numfashi, wani akwati mai taya da ake jona wa wuta, da siririyar roba da ke zuwa hancinsa. Ba a kashe shi.

Tun da ya yi ritaya muka sayar da gida muka koma cikin motar gida, muna zagaya ƙasa kamar sauran tsofaffi. Da can a daji muke sauka, inda muka ga dama. Yanzu injin ya ɗaure mu a filin ajiye motoci mai turken wuta. Inda muke ɗin nan, tagarmu tana kallon ɗakin wanki.

Akwai wata kwana ta kogin Darling, sama da Pooncarie, inda babansa yake kai shi kamun kifi yana yaro. Can yake so. Bai ce min can yake so ya mutu ba, cewa ya yi yana so ya zauna can. Na gane. Babu turken wuta a wurin, babu komai.

Muna da faifan sola cike da rufin mota da batura masu kyau, amma wutarsu ƙarama ce, injin kuma irin wutar gida yake ci. An ce sai da inbata a tsakani. Da Merv ne yake duk wannan, yanzu in ya yi magana mai tsawo sai ya huta. Shi ya ce, "Rubuta wa Clarrie. Ya ƙare rayuwarsa yana haɗa wutar jiragen kamun kifi. Kada ki buga masa waya, kunnensa ya tafi, ihu kawai zai yi miki."

A bayan injin an rubuta wat ɗari da hamsin. Wace iri zan saya?

'Yarmu Kerryn ta samo masa gado a gidan kula da tsofaffi a Adelaide. Ta ce in har ban iya tabbatar da wutar nan ba, can za shi, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ka aiko da amsa gidan waya na Broken Hill, za mu je ganin likita.

Noelene


St Helens, Fabrairu

Noels,

Na gane ki sarai. Kofin nan hannunsa a karye yake, har gobe ina kan bakana. Gwiwa tana nan tana mulkinta, kunne kuma ya yi ritaya kafin ni. Ki ce wa tsohon nan na ji abin da ya ce, kuma ko da huhu ɗaya ya fi ni surutu.

Labarinsa ya taɓa ni. Rabona da shi tun muna da gashi a ka. To, ga abin da kika tambaya, ki karanta a hankali.

Inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta sumul, irin ta bangon gida. Akwai mai araha wadda wutarta take da gargada. Mai gargadar nan za ta kunna fitila, za ta yi cajin waya, amma duk abin da yake da mota a ciki, irin injin Merv, za ta gasa shi a hankali. Za ki ji yana gurnani yana zafi. Kada ki taɓa ta ko kyauta aka ba ki. Ki ce wa mai shago mai wuta sumul kike so, ki sa ya nuna miki a jikin kwali da yatsansa.

Girma kuma, mai wat dubu ta ishe ki. Injin yana fizgar wuta da yawa lokacin tashi, shi ya sa ba za ki sayi daidai ɗari da hamsin ba. Amma kada su ruɗe ki da ƙatuwa mai dubu uku. Ƙatuwar inbata kamar ƙaton kare ce, ko yana kwance sai ya ci. Batirinki za ta riƙa lasa tana zaune.

A kafa ta kusa da batir, waya gajera mai kauri kamar yatsanki, a sa fiyus dab da batir. A bar mata wurin shan iska, kada ki tura ta cikin kabad tare da tawul. Ki nemi mai lasisi ya haɗa, ba maƙwabcin fili da ya ce ya taɓa gani ba. Na san ku masu yawon nan, kowane tsoho mai gajeren wando injiniya ne.

Kuma in kuna da tukwanen iskar numfashi na ko-ta-kwana, waɗanda ba sa cin wuta, ki riƙe su kamar ranki. Duk abin da mutum ya haɗa yana iya mutuwa.

Ki gaya min yadda yake. Yana cin abinci? Yana zagin gwamnati? In yana zagi, da sauransa.

Clarrie


Broken Hill, Maris

Clarrie,

Ina gaishe ka. Muna nan. Likita ya ƙara masa ƙarfin iskar kaɗan. Yana cin ƙwai da ayaba.

Wasiƙarka ta riga mu isowa, amma ni na riga ta yin ɓarna. A hanya mun tsaya wani gari, na shiga shagon kayan mota don in duba kawai. Wani saurayi mai fara'a ya nuna min wata ƙatuwa ja, ya ce, "Wannan, uwa, har injin wanki za ta ɗauka, kuma an rage mata kuɗi." Na saya. Wani maƙwabci a fili ya haɗa min, mai gajeren wando, kamar yadda ka faɗa.

Da na cire mu daga turke na jona injin a jikinta, sai ya fara gurnani. Na ɗora hannu a bayansa na ji zafi. Can sai wani wari kamar an manta dutsen guga a kan riga. Merv ya dube ni, ya nuna injin da haɓa, ya ce, "Ni da shi wa zai riga wani?" Na mayar da mu kan turke. Injin bai mutu ba.

Washegarin isowarmu na karɓi wasiƙarka na karanta a tsaye a gidan waya. Duk abin da ka ce kada in yi, na riga na yi shi.

Yanzu an gyara. Na sayi mai wuta sumul, mai wat dubu, na sa ya nuna min da yatsa. Wata mata mai lasisi ta haɗa, ƙarƙashin kujerar cin abinci, dab da batir, da waya mai kauri da fiyus. Ta huda katako ta sa raga don iska. Ta kafa min wani ɗan agogo a bango mai nuna abin da ya rage a batir. Ta ce in ya yi ƙasa sosai inbatar za ta yi ƙara, in aka ƙyale ta kuma ta kashe kanta.

Na gwada. Muna cikin fili, turke yana nan kusa, amma na cire waya na naɗe ta. Injin bai yi gurnani ba. Da safe batir yana sauka ƙasa da rabi, kafin la'asar rana ta mayar da shi sama. Na maimaita har na yarda. Firji na mayar da shi kan gas. Ja ɗin kuma na ba mai gajeren wando.

Kerryn ta bugo. Na karanta mata abin da agogon ya nuna. Ta ce, "Mama, ke kika sani." Tukwanen iska biyu gare mu, na ɗaure su a bayan kujerar direba.

Za mu tashi in an ba mu magungunansa. Ka rubuto gidan waya na Pooncarie.

Noelene


St Helens, Maris

Noelene,

Na samu, na gode. Nan ruwa ake ta yi, gwiwa ta kumbura. Aikin da matar nan ta yi ya yi daidai, ba ni da abin cewa.

Amma ina da abin cewa a kanki, kuma sai na faɗa, ki ji haushi in kin ga dama. Na tambaye ki yadda ɗan'uwana yake. Kin cika min takarda da waya da fiyus da raga, shi kuma kin ba shi ƙwai da ayaba. Haba, Noelene! Mutum yana mutuwa a gabanki kina rubutu kamar mai kai rahoton gyaran mota. Na karanta sau biyu ina neman inda kika ce kin damu, ban gani ba. Lokacin da matata Joyce take kwance, ko sunanta ban iya rubutawa ba. In kin gaji da shi, ki faɗa. Ba abin kunya ba ne, Kerryn tana da gado a ajiye. Amma kada ki kai shi daji don kawai a ce kin cika masa buri.

To, na faɗa. Ga sauran.

A daji rana ce turkenki. Ki ajiye mota a fili, inda babu abin da zai tare ta daga fitowa har faɗuwa. Inuwar reshe ɗaya a kan faifai ɗaya tana iya rage miki abin da ba ki zata ba. Ki riƙa goge su, ƙurar wajen nan da kashin tsuntsu ba wasa ba. Kada ki jona butar lantarki, kada ki jona abin gasa burodi, ko da sau ɗaya, ko da baƙi sun zo. Ki dafa a gas, kuma ki nisanta robar Merv da wutar girki, iskar nan tana sa komai ya kama kamar fetur. Inbatar nan ta mutum ɗaya ce.

In hadari ya rufe rana ya ƙi tafiya, ki tayar da mota ta yi caji. In abin ya ƙi, ki kama hanyar gari tun batir bai faɗi ba. Kada ki tsaya jarumta.

Ki ce masa in ya kama kifi ya auna da gaskiya.

Clarrie


Bakin Darling, Afrilu

Clarrie,

Gaisuwa. Allah ya sauwaƙe gwiwa. Mun iso. Merv ya rame, amma hanya ba ta kayar da shi ba. Yana barci da yawa.

Ban ji haushi ba. Da ma na ji, da na san akwai sauran wani abu. Ban gaji da shi ba, Clarrie. Ba na jin komai ne. Tun ranar da likita ya juyo mana da hoton huhun, wani abu ya kashe kansa a cikina, har yau bai kama ba. Ina yi masa wanka, ina yanke masa farce, ina kallon ƙashin bayansa yana fitowa, kamar a talabijin nake gani. Na san ina sonsa, yadda na san sunana. Ji ne babu. Agogon batir kuwa in na duba yana gaya min abin da zan yi. Shi ya sa nake rubuta maka shi.

Bari in gaya maka wurin. Motoci kamar goma ne a nan, duk irinmu. Ƙarfe huɗu kowa ya ɗauko kujerarsa da abin shansa a yi da'ira, kamar ko'ina. Akwai wani Wal, mai ƙaton ciki da hular da ta ga duniya, da matarsa Dot. Wal ya naɗa kansa sarkin fili. Tun ban kashe mota ba ya leƙo ta taga ya ce, "Sannunku. Tambaya ɗaya, akwai janareta?" Na ce babu. Ya ce, "To kun zama 'yan uwa. Wancan makon wani ɗan birni ya kunna nasa, kafin shayi ya huce mun raka shi hanya." Dot ta ce, "Rabu da shi, 'yar uwa, minsharinsa ya fi janareta." Ka san dokar, wanda ya zo daji don shiru ya zo. A da'ira ba su da hira sai ta batir, kowa nasa ya fi na kowa. Sun shiga sun duba inbatata ɗaya bayan ɗaya kamar an yi haihuwa.

Na yi duk yadda ka ce. Motar tana tsakiyar fili, rana tana dukanta daga safe har yamma. Batir bai taɓa jin daɗi irin na nan ba.

Ga matsalar. Daga inda rana take ba a ganin kogin. Tsakaninmu da ruwa akwai manyan bishiyoyin nan na bakin kogi, masu yar da reshe ba gargaɗi, waɗanda ba mai ajiye mota a ƙarƙashinsu. Bayansu kuma gangare ne. Robar Merv iyakarta bakin rumfar mota. Ba ya iya takawa, kuma ko an ɗauke shi, injin ba zai bi shi ba. Na kai shi sau ɗaya da tukunyar iska, Wal da wani suka ɗauke shi a kujera. Kafin ya gama daidaita numfashi daga wahalar ɗaukar, allurar tukunyar ta yi ƙasa, muka juyo. Saura ɗaya da ɗan guntu, kuma inda ake cika su da nisa.

Yanzu yana zaune a bakin rumfa yana kallon itatuwa. Jiya a da'ira wata ta tambaye shi yaya ya ga Darling bayan shekaru. Ya ce, "An ce tana nan bayan can." Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Akwai wani ɗan sarari a ƙarƙashin bishiyoyin, dab da gangaren, mota za ta shiga. Rana ba ta sauka wurin sai ɗan tsakar rana. Tambayata ita ce, in na shiga, yaya batir zai yi? Akwai wata dabara? Wal yana zuwa gari sayayya, shi yake karɓo min wasiƙa.

Noelene


St Helens, Afrilu

Noels,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe min abin da na rubuta. Tsohon banza ne ni, zaman kaɗaici ya sa bakina ya yi tsatsa. Na tuna bayan Joyce ta tafi na yi wata guda ina gyaran injin yankan ciyawa da babu abin da ya same shi.

Amma amsar tambayarki a'a ce. Kada ki shiga. A inuwar nan abin da zai shigo ba zai kai rubu'in abin da injin yake ci ba. Za ki wuce yini ɗaya, na biyu inbatar za ta fara kuka, daga nan ta ɗauke. Tayar da mota a tsaye zai taimaka kaɗan, amma hayaƙin zai koma huhun wa? Ga reshe a kanku. Babu dabara, na juya abin ta kowace fuska. Ki zauna a rana. Ki sa wani ya je ya ciko tukwane, ko da nisa, ki riƙa kai shi kaɗan-kaɗan.

Ki amsa min da wuri.

Clarrie


St Helens, Mayu

Noelene,

Shiru ya yi yawa, sai ga kati daga Kerryn. Ban san me zan ce ba. Allah ya ba ki haƙuri. Katin bai faɗi komai ba sai ranar da Merv ya rasu da inda ya rasu.

Abu ɗaya nake roƙo, ki gaya min gaskiya ko da ɗaci. Wutar ce ta ɗauke? Ni na ce ki sayi mai dubu. Ni na hana ki babba. Tun da katin nan ya zo ba na iya cin abinci, ina ta sake lissafi a bayan ambulan. In inbatar da na zaɓa ce ta kashe kanta yana tsakiyar numfashi, ina so in sani.

Clarrie


Bakin Darling, Mayu

Clarrie,

Na gaishe ka. Ka ci abinci. Ina lafiya. Kerryn ta zo ta koma, an yi komai a Broken Hill, an binne shi kusa da babansa. Na dawo nan don ban san inda zan ajiye motar ba.

Wasiƙunka biyu tare Wal ya kawo min su. Wadda ka ce kada in shiga ta zo bayan na shiga da daɗewa.

Na jira amsarka, na jira. Merv ya daina fita da'ira. Ya daina tambayar komai. Wata safiya na kawo masa ƙwai, ya ce, "Noels, batir ya cika?" Na ce ya kusa. Ya ce, "Madalla. Aƙalla ɗayanmu yana samun abin da ya zo nema." Na ajiye farantin, na naɗe rumfa, na ɗaure shi a kujera, na tayar da mota.

Wal ya biyo ni da gudu da silifas, ciki yana gaba yana baya. "Noelene! Kin haukace? Ba a shiga nan! Reshe! Batirinki!" Na sauke gilashi na ce, "Matsa, Wal, zan taka ka." Ya matsa. Na shiga har sai da ƙofa ta kalli ruwa.

Na fito da shi bakin gangare, robar ta kai har da saura. Ya daɗe yana kallo. Ruwan ja ne, ya ja baya, ga wani kwasakwasa a tsaye kan kututture. Ya ce, "Wannan ce? Da ta fi haka." Sannan ya ce in miƙo masa sandar kamun kifi.

Lissafinka daidai ne. Yini na biyu da yamma inbatar ta fara kuka. Ƙarar siririya ce, amma har da'ira an ji. Ina tsaye ina kallon agogo, ina tunanin in mayar da shi rana, sai ga Dot ta leƙo. Ta dubi agogon, ta juya. Can sai ga su suna zuwa, kowa da faifan solarsa na naɗewa a hammata, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙasa. Suka baje su a bakin fili inda sauran rana take, suka yi ta haɗa waya da waya har motata, suna gardama a kan wa ya iya. Ya taimaka. Bai isa ba, wayar ta yi tsawo, washegari kuma aka tashi da gajimare.

Da hantsi sai ga Wal yana rungume da wani abu a cikin bargo, yana haki. Ya dire shi a bayan wani kututture can nesa, ya yaye bargon. Janareta. Kowa ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, "Na surukina ne, ajiya ya ba ni." Dot ta ce, "Ƙarya yake. Tun da muka sayi mota yake ƙarƙashin gadonmu." Wal ya ce, "Wanda ya faɗa a wani fili, ni da shi ne." Merv ya yi dariya har sai da na ƙara masa iska.

Haka muka zauna. Kullum da hantsi Wal ya ja igiya ya cika min batir, da rana ta karkata ya kashe don Merv ya ji ruwa. Da'irar ƙarfe huɗu ta taso ta dawo ƙarƙashin bishiyoyin, kowa yana zaune yana satar kallon sama. Reshe bai faɗo ba. Merv ya kama kifi ɗaya, irin wanda ba a ci, ya ce in gaya maka ya kai tsawon hannu. Bai kai ba. Ya ci abinci fiye da yadda ya ci tun Kirsimeti. Ya ba Wal labarin babansa, a gutsure, yana hutawa. Mun fi mako biyu a haka.

Ga amsar tambayarka. Wutar ba ta ɗauke ba. Ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Ranar da abin ya faru, Wal bai daɗe da kashe janareta ba, batir ya kusa cika. Na shiga na duba agogo, na yanka masa ayaba, na fito. Yana kujerarsa, sandar tana kan cinyarsa, kansa ya ɗan karkata. Na kira shi. Na taɓa wuyansa. Inbatarka tana aiki, injin yana aiki, ina jin iskar tana fita ta robar a hancinsa, sss, sss, kamar kullum. Ka zaɓa daidai, Clarrie. Ka yar da ambulan ɗin.

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ban yi kuka ba. Na jira in ji wani abu. Da mutanen da'ira suka fara isowa da kujerunsu, suka gani, suka tsaya daga nesa. Wal ya cire hula, ya tafi neman inda waya take kamawa. Dot ta zo ta durƙusa ta ce, "'Yar uwa, in kashe injin?" Na ce ta bari. Tun Fabrairu aikina ɗaya a duniya, kada abin nan ya tsaya. Ban san yadda ake barin sa ya tsaya ba.

Sai da rana ta kusa faɗuwa na tashi. Na zare masa robar daga kunne da hanci, na goge inda ta yi masa shaida a kumatu. Na shiga mota na kashe injin. Sannan na durƙusa ƙarƙashin kujerar cin abinci ina laluben maɓallin inbatar. Ban san inda yake ba. Matar da ta haɗa ta nuna min yadda ake kunnawa, ban taɓa tambayar ta ɗayan ba. Yana can gefe, ɗan ƙarami, bai kai farcen babban yatsa ba. Na danna, fankar ta juya kaɗan ta tsaya.

A nan ne kukan ya zo min, Clarrie, ina durƙushe, kaina a ƙarƙashin tebur. Dot ta ce har bakin ruwa suka ji ni.

Noelene